Mi Ka Gani da Idonka? Gardamar Majalisarmu a Kan Sifiya

   

Yau zan ɗan ajiye maganar farashin hatsi da ta kan iyaka, in kawo muku wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisar ƙofar shagon mahaifina. Abin dariyar shi ne, a kan wani mutum ake yin ta wanda bai taɓa zuwa duniya ba, wanda kuma aka daina buga labarinsa tun 1972, kusan shekara 30 kafin a haife ni. Sunansa Lance Spearman, amma Baba da sa'o'insa Sifiya suke ce masa. Da can ni ma dariya nake yi musu, in ce dattawa da furfurarsu sun rasa abin musu sai labarin ƙanzon kurege. Wani abu da ya faru a gabana a kakar bara shi ya sa na daina dariyar, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Amma kafin mu kai can, bari in faro daga tushe.

Mahaifina haifaffen Maraɗi ne. Yana ɗan shekara 11 aka kawo shi Kano wajen ƙanen kakanmu a Fagge, domin karatun allo da koyon ciniki. Daga baya fataucin hatsi ya kawo shi Gombe, lokacin tana ƙarƙashin Jihar Bauchi, tun kafin ta samu jiharta a 1996. Nan ya yi aure, nan ya zauna, nan aka haife mu. Sai dai har gobe in ya buɗe baki ka san daga inda ya fito, domin bai taɓa cewa “me” ba, sai “mi”. Wata rana muna neman takardar wani fili a tsohon akwatinsa na ƙarfe, sai na ci karo da wasu mujallu guda bakwai, gara ta ci gefensu, takardar ta yi ja. A bangon kowace an rubuta African Film, ga hoton wani baƙin mutum da malafa da bindiga. Da na nuna wa Baba, wallahi sai na ga fuskarsa ta koma ta yaro. Ranar ba mu sake bi ta kan takardar fili ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, musamman sa'o'ina, African Film mujalla ce ta mako-mako da kamfanin Drum ya riƙa fitarwa daga 1968 zuwa 1972. Hotunan mutane ne na gaske aka ɗauka aka jera, kowane hoto da ɗan rubutun abin da mutum yake faɗa a saman kansa, kamar dai ka ɗauki fim ka yanyanka shi ka liƙa a takarda. A kudancin Afirka ake shirya ta, a buga wadda za a sayar a Afirka ta Yamma a Legas, ta Gabas kuma a Nairobi. Da yake zamanin mulkin wariyar launin fata ne, ƙasashen Afirka da yawa sun juya wa Afirka ta Kudu baya, sai masu mujallar suka yi wayo, ba sa nuna ko a wace ƙasa labarin yake faruwa. Baba ya ce su duk zatonsu a Ikko ake yi.

Shi Sifiya mai bincike ne mai zaman kansa, wato ba ɗan sanda ba ne, ba ya cin albashin gwamnati, sai dai suna taimakon juna da wani babban ɗan sanda, Kyaftin Victor. Kullum cikin kwat yake da malafa, da ɗan ƙyallen wuya mai siffar malam-buɗe-littafi, ga sigari a baki, ga kofin giya, ga mota ta kece raini. Yana da mataimakiya, Sonia, wadda ita ma ba kanwar lasa ba ce wajen faɗa, da wani yaro, Lemmy. Babban abokin gabarsa kuwa shi ne Rabon Zollo mai ido ɗaya. Yaran Fagge har rantsuwa suke yi cewa Zollo Bahaushe ne, Rabo sunansa, Turawa ne suka ɓata sunan.

Yadda suke karantawa ma abin ji ne. Su shida suke haɗa kwabo-kwabo su saya, alhali babu mai jin Turanci a cikinsu. Sai su nemi wani yaro ɗan firamare ya zauna a tsakiya yana fassara musu, ladansa a ba shi rogo da ƙuli. Da na karanta wa Baba guda bakwai ɗin nan da ɗan Turancina na sakandare, sai ya riƙe baki ya ce ashe rabin abin da yaron nan yake gaya musu daga kansa yake ƙirƙirowa. Na ce to Baba, ashe labarin da kuka fi shekara 50 kuna yabo, Bahaushe ne ya rubuta muku rabinsa.

Tun da mujallun nan suka fito daga akwati majalisa ta rabu. Bari in kawo muku ra'ayin kowa kamar yadda na ji, ba ragi ba ƙari.

Shi Baba cewa yake ba a yi kamar Sifiya ba, ba kuma za a yi ba. Hujjarsa ita ce, a wancan lokaci in sun saci jiki sun shiga silimar Plaza ko Palace, jarumin fim ko dai kaboyi ne Bature, ko Ba'indiye. Baƙar fata in ya fito, to ɗan aike ne ko mai ɗaukar kaya. Sifiya ne mutum na farko da ya gani mai fata irin tasa, da kwat, da ofis, da mota, manya suna zuwa neman taimakonsa. Ya ce wannan kaɗai ya ishe shi.

Akwai kuma wani dattijo da ya yi ritaya a tashar jirgin ƙasa ta Gombe, wanda muke ce wa Baba na Reluwe. Shi a wurinsa Sifiya wasan yara ne. Ya ce ina binciken yake? Kowane mako abu ɗaya: a sace wani, Sifiya ya bi, a yi naushi, Zollo ya tsere, a ce sai mako mai zuwa. Shi mutumin James Hadley Chase ne, Baturen Ingila ɗin nan da ya rubuta littattafai kusan 90 daga 1939 zuwa rasuwarsa a 1985, waɗanda kusan duk ɗan bokon Arewa na da can ya karanta. Ya ce a wajen Chase kake ganin yadda kwaɗayi ke kai mutum ya baro. Baba kan mayar masa da cewa ai shi ma Chase ɗin yawancin labaransa a Amurka ya kafa su, alhali ba can yake zaune ba, da taswira ya yi aiki, saboda haka kowa da irin ƙaryarsa.

Na uku shi ne Malam, limamin masallacin layinmu. Shi duk bai yarda da su ba. Ya ce me yaro zai koya wajen mutumin da ba a raba shi da giya da sigari da matan da ba muharramansa ba? Sannan ya ƙara da wata magana mai nauyi, cewa sana'ar mutumin nan kacokan bin diddigin mutane ce da leƙen asirinsu, alhali addini ya hana mu bibiyar aibin juna.

Na huɗu Kawu ne, ƙanen Baba, mushe ne da ya yi ritaya a Maraɗi, yakan zo mana duk shekara. Su da suka yi lakwal ba su san Sifiya ba, nasu shi ne SAS, jerin littattafan leƙen asiri na wani Bafaranshe, Gérard de Villiers, wanda ya fitar da guda 200 daga 1965 zuwa 2013 da jarumi ɗaya tal. Kawu ya ce masu ƙorafin wai kullum abu ɗaya ne ba su fahimci mai karatu ba. Ya ce kai da kake cin tuwo kowane dare, ka taɓa cewa a canza maka shi don ka ci jiya? Mai karatu ɗanɗanon da ya sani yake komawa nema.

Mu kuwa matasa, yawancinmu ba ma karanta komai sai abin da ke cikin waya. Amma in ka saurari yadda abokaina suke ƙorafi a kan shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So, wannan ya ce an fara jan labari, wancan ya ce in aka cire wane ya daina kallo, sai ka ga ashe gardamar dattawan ce dai ta sake riga.

Kai, ashe ma abin ya girmi su Baba. Sherlock Holmes ya fara fitowa a 1887. Da marubucinsa Arthur Conan Doyle ya gaji da shi, sai ya kashe shi a 1893, ya jefa shi cikin wani kwazazzabon ruwa a ƙasar Suwizalan tare da abokin gabarsa. Masu karatu suka ce ba su san zance ba, suka dame shi, har sai da ya dawo da shi da rai a 1903, ya ci gaba da rubuta shi zuwa 1927. Ka ga ke nan in labari ya daɗe, yakan fi ƙarfin mai shi, ya koma hannun masu karatu. Tambayar da na daɗe ina yi wa kaina ita ce, me suke nema haka da ba sa son a rufe littafin? Ban samu amsa ba sai a kakar bara.

Zan ba da labarin, amma na sauya duk abin da zai sa a gane mutanen ciki, domin akwai alkawarin da Baba ya ɗauka. Lokacin sabon wake ya shigo, wani Alhaji da suka daɗe suna mutunci da Baba ya ƙirga kayansa ya tarar babu buhu huɗu. A lokacin akwai wani yaro ɗan ci-rani daga wani ƙauye na wajen Tasawa, bai fi shekara 17 ba, yana dako a wurin, yana kwana a barandar siton. Bai cika wata biyu da zuwa ba. Kafin ka ce kwabo an kewaye shi, an shaƙe masa wuyan riga. Wannan ya ce a kai shi wajen mai duba, wancan ya ce a fara da bulala tukuna, bakinsa zai buɗe. Yaron ba abin da yake maimaitawa sai “Wallahi ban ɗauka ba”, da irin harshen da nake ji a gidanmu kullum. Sai na ji wani daga baya ya ce, “Ai su haka suke, su shigo ba takarda, su kwashi kayan mutane su tsallaka.” Mai karatu, a Gombe aka yanke mini cibiya, ban san wani gida ba sai nan, amma wannan “su” ɗin har cikin ƙashina na ji ta. Na kuma yi shiru, ban ce uffan ba. Ina faɗa ne don kada a zaci ni ne jarumin labarin.

Baba ne ya taso da carbinsa a hannu, ya ratsa mutane, ya tsaya gaban wanda ya fi kowa ɗaga murya, ya ce, “Kai, mi ka gani da idonka?”

Ya ce, “Haba Alhaji, ai kowa ya sani.”

Baba ya ce, “Ban tambaye ka abin da kowa ya sani ba. Kai, mi ka gani?”

Ya yi shiru. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayar nan, aka rasa mutum ɗaya da ya ga wani abu. Sai ya juya wajen mai kayan ya ce, “Alhaji, ka ba ni kwana uku. Yaron ga yana hannuna. In shi ne, ni zan biya kuɗin wakenka.”

Abin da Baba ya yi a kwana ukun nan babu wani siddabaru a ciki. Ya duba kwaɗon siton, ba a fasa ba, ba a taɓa ƙofa ba. Ya tambaya mukulli nawa ne, aka ce biyu, duk a hannun 'yan gida. Ya zauna da maigadi suka sha shayi, maigadi ya tabbatar masa da dare ko baro ba ya wucewa ta wurin bai gani ba, buhun wake kuwa ba abin sawa a aljihu ba ne. Baba ya ce mini, “To ka gani, da rana kayan ga suka fita. Da rana kuwa wa ke fitar da buhu ba a tambaye shi ba? Sai wanda aka saba gani yana fitarwa.” Sannan ya tuna mini cewa kowane ɗan kasuwa yana da alamar da yake yi wa buhunansa da fenti. Ya ba ni kuɗi ya ce in hau mashin in zaga wajen masu awo da masu ƙosai da alale a unguwanni, kada in ambaci sata, in ce dai buhunan da aka juye nake saye. A rana ta biyu na samo buhu biyu masu alamar Alhaji a gidan wata mai awo. Ita ba ta ma san ana wata magana ba, da bakinta ta gaya mini wanda ya kawo mata su a Keke Napep, ranar Juma'a ana shirin tafiya masallaci, ya yi mata rangwame, ya ce daga gida aka aiko shi. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Bayan sallar isha'i Baba ya tafi gidan Alhaji shi kaɗai. Alhaji ya roƙi a rufa masa asiri. Baba ya ce ya yarda, ba wanda zai ji sunan mai laifi daga bakinsa, amma da sharaɗi ɗaya: Alhaji ya tsaya a daidai inda aka shaƙe yaron nan, ya faɗa da bakinsa cewa ba shi ya ɗauka ba, ya kuma nemi gafararsa. Sai da Alhaji ya kwana biyu yana jan ƙafa, sannan ya yi, da murya ƙasa-ƙasa. Rabin waɗanda suka yi ihun ɓarawo ba sa wurin. Yaron ya ƙarasa ci-raninsa ya koma gida. Bana 'yan ƙauyensu sun dawo, shi bai biyo su ba.

Daga baya na tsokani Baba na ce, wannan aikin Sifiya ne ke nan? Ya yi dariya ya ce, “Ina! Da Sifiya ne, da tuni ya zubar wa mutum uku haƙora.” Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce abu ɗaya dai ya san ya ɗauka a wajensa tun yana yaro, wato mutum ko ba shi da kaki, ko ba shi da sarauta, yana iya tsayawa ya ce a dakata, a bincika.

To, a nan ne nake son in faɗi nawa ra'ayin, tare da neman afuwar iyayena na majalisa. A ganina duk gardamar da suke yi a gefen maganar suke yin ta. Abin da ke sa mutum ya koma wa labarin mai bincike mako bayan mako, shekara bayan shekara, shi ne alkawarin da irin wannan labari yake yi maka tun daga shafin farko: cewa komai daren daɗewa za a gane wanda ya yi, za a kuma saki wanda bai yi ba. A rayuwarmu ta yau da kullum ba kasafai ake cika mana wannan alkawari ba. Sau nawa muka ji an yi wa mutum ihun ɓarawo an kashe shi kafin a tambayi sunansa? Sau nawa aka kori yaron shago ko 'yar aiki a kan kuɗin da daga baya aka tsinta a aljihun wata riga? Wannan shi ne ɗanɗanon tuwon da Kawu yake magana, ko da yake bai faɗi sunansa ba.

Baba na Reluwe yana da gaskiya, Sifiya ya fi amfani da hannu a kan ƙwaƙwalwa, na karanta na gani. Ni ma ban yarda cewa a wajensa Baba ya koyi duba kwaɗo da bin alamar buhu ba, wannan kasuwa ce ta koya masa. Amma ƙarfin halin tashi daga kan benci alhali kowa ya riga ya yanke hukunci, in Baba ya ce daga can ya samo shi, wa zai ƙaryata shi?

Malam ma yana da gaskiya a kan giya da sigari, ba mai son ɗansa ya kwaikwayi wannan. Inda na saɓa da shi, cikin ladabi, shi ne batun bin diddigi. Na ce Allah gafarta Malam, ai Suratul Hujurati da ta hana mu zato da leƙen asirin juna, ita ce kuma ta umarce mu da tabbatar da labari kafin mu cutar da mutane cikin rashin sani. A ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da me aka wanke shi a gidan Azizu? Da duba inda rigarsa ta yage, gaba ko baya. A ranar nan ta wake, masu zato su ne masu ihu. Binciken Baba shi ya kashe zaton. Malam ya yi murmushi ya ce wannan haka yake, amma dai a cire giyar. Na ce na yarda.

Kuma jama'a, mu mazauna garin da ba na kakanninmu ba, mun fi kowa buƙatar wannan ɗabi'a ta “mi ka gani”. Gombe ta riƙe mu da mutunci, mun yi arziki a cikinta, mun yi aure, mun binne iyayenmu, ba mai musun wannan. Amma ko'ina a duniya, in abu ya ɓata, wanda ya zo jiya ake fara kallo. Mu ɗin ma da muka daɗe, haka muke yi wa waɗanda suka zo bayanmu, domin a cikin masu ihun ranar nan akwai waɗanda iyayensu da ƙafa suka tsallako. Wani abin sha'awa shi ne, ɗaya daga cikin mashahuran masu binciken littafi shi kansa baƙo ne. Hercule Poirot na Agatha Christie ɗan gudun hijira ne daga Beljiyam, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai shi Ingila. Daga 1920 zuwa 1975 ana buga labaransa, 'yan gari suna raina shi saboda harshensa, suna sakin baki a gabansa, shi kuwa yana tattara abin da suka faɗa. Da aka kashe shi a littafin ƙarshe, jaridar New York Times a shafinta na farko ta buga ta'aziyyarsa. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, amma wani lokacin shi yake ganin abin da sabo ya rufe wa ɗan gari.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga marubutanmu na Hausa. Ba yau aka fara rubuta labarin masu laifi da Hausa ba. Tun 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri, Bature Gagare kuma ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, bayansu ma an yi da yawa. Abin da ni nake ƙishirwa shi ne mai bincike namu guda ɗaya, wanda zai riƙa dawowa littafi bayan littafi har mu saba da shi, mu riƙa gardama a kansa kamar yadda su Baba suke yi. Ba sai ya sa kwat ko ya riƙe bindiga ba. Ku dubi Precious Ramotswe, wadda Alexander McCall Smith ya fara rubutawa a 1998: mace ce a Gaborone ta ƙasar Botswana, da kuɗin shanun da mahaifinta ya bar mata ta buɗe ofishin bincike, makaminta shayi da sauraro da sanin halin mutane, ga shi an yi littafi sama da 20 a kanta. Me zai hana namu ya zama wani tsohon dillalin hatsi da ya san alamar buhun kowa, ko wata dillaliya da ba gidan da ba ta shiga? Abin bincike kuwa ba mu rasa ba: filin da aka sayar wa mutum biyu, alat na bogi, gadon marayu, wayar da ta ɓata a gidan biki. Sharaɗina ɗaya ne, irin na Baba. A rufa asirin mai laifi in an ga dama, wannan al'adarmu ce, tana da kyawunta. Amma kada a rufe littafin sai an wanke wanda aka zarga, a gaban mutanen da aka zarge shi, da murya mai ƙarfi.

Majalisa dai tana nan yadda take. Ko jiya Baba na Reluwe sai da ya ce wasan yara ne, Baba kuma ya rantse Zollo Rabo ne. Mujallun bakwai na sa su a leda na mayar akwati. Wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi zamani da Sifiya, ya daure ya tambaye shi, zai sha labari. In kuma wata rana ka tsinci kanka a inda aka kewaye wani ana ihu, ina roƙonka da kada ka yi irin shirun da na yi.

Allah Ya tsare mu da zargin abin da ba mu ji ba ba mu gani ba, Ya kuma tsare mu da zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.

Naku,
Ɗan Maraɗin Gombe.